Me Ya Sa Siminti Ke Cutar Da Tsohon Ginin Ƙasa?

In ka taɓa tafiya Maraɗi daga Katsina, ka san hanyar: ka kama titin Jibiya, ka tsaya a Magama a duba takardu, sai ka tsallaka zuwa Ɗan Isa. Garuruwan nan biyu tarihinsu ɗaya, don bayan jihadi zuriyar sarakunan Haɓe na Katsina a Maraɗi suka zauna. Amma ka duba abin da kowanne ya rage da shi. A Katsina har yau Hasumiyar Gobarau tana tsaye, wajen mita 15, kuma ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ƙarni na 15. A Maraɗi kuwa, tsohon garin da ke bakin gulbi ambaliyar 1945 ce ta cinye shi, aka koma kan tudu. Duk maganar adana ginin ƙasa, mai karatu, maganar ruwa ce.

Bari mu fara da tubalin kansa. Ƙasar gini haɗi ce ta yashi da yumɓu. Yashi shi ke ɗaukar nauyi, yumɓu kuma shi ke riƙe shi. In bango ya bushe, ƙarfinsa ya isa ya ɗauki bene. In ya jiƙe, yumɓun ya kumbura ya saki, sai ƙarfin ya tafi. Ruwan yana shiga ta sama in indararo ya toshe, yana shiga ta gefe in iska ta koro shi. Wanda aka fi mantawa da shi shi ne na ƙasa: bango yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, suna tsotsar danshi zuwa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Danshin nan yana tafe da gishiri. In ya bushe, gishirin ya daskare a cikin kafofin yana farfasa su. Farin garin nan da kake gani a gindin tsohuwar katanga, inda ta zaizaye, shi ne.

Maginan da ba su hana ruwa taɓa bango ba, sun dai ba shi hanyar fita. Suna yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana sa ruwa ya zame. Rufi da wuraren da ruwa ya fi duka kuma a yi musu laso, haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara. Duka biyun suna kare ruwan sama, amma suna barin danshin ciki ya fita in rana ta buɗe. Bangon yana numfashi kenan.

To, nan siminti ke shigowa da matsala. Mutum ya ga zauren kakansa yana zaizayewa, ya ce bari ya huta da yaɓen kowace shekara, sai ya shafe shi da siminti. Shekarar farko abin gwanin kyau. Sai dai siminti da ƙasa ba sa motsi tare: zafin rana da sanyin dare suna sa kowanne ya miƙe ya tsuke gwargwadonsa, har siririyar tsaga ta fito. Ruwa ya shiga ta tsagar, danshi ya hau daga ƙasa, kuma babu mafita, don simintin ya toshe. Daga waje kana ganin bango lafiya lau, ciki kuwa ya zama taɓo. Wannan ya fi zaizaya haɗari, saboda zaizaya kana ganinta ka gyara. Ni dai a ganina, gara bango tsirara da ake dubawa da wanda aka lulluɓe aka manta.

Kuma abin ya wuce kyan gani. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, wanda aka gina a shekarun 1830, ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. A Satumba 2024 tsohon masallacin Damagaram ya rushe bayan ruwa mai yawa. Duka a tsakiyar damina.

Yanzu me ƙaramin gari zai yi? A Nijeriya akwai Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, da aka kafa a 1979, kuma Gobarau tana cikin abubuwan tarihi na ƙasa. A Nijar, UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin jerin kayan tarihin duniya a 2013, da hasumiyarsa mai mita 27. Amma takarda ba ta yaɓe. Abin da ya riƙe masallacin Jenne a Mali shi ne mutanen gari suna fitowa kowace shekara su sake yaɓe shi gaba ɗaya.

Don haka shirin da ƙaramar hukuma irin ta Jibiya, ko birnin Katsina, za ta iya riƙewa ba sai ya zama babbar kwangila ba. A fara da rubuta gine-ginen da suka cancanta, ƙofofi da zaurukan masu sarauta da tsofaffin masallatai, da hotunansu. A sa Sarkin Magina da mutanensa su zagaya kafin ruwan fari da bayan damina. A ware ɗan kuɗi kowace shekara don yaɓe, share indararo, da karkatar da kwata daga gindin bango. Wannan na ƙarshe shi ne mafi araha, shi ne kuma aka fi sakaci da shi.

Akwai kuma wata wahala da ba a cika faɗa ba, ta kayan aikin. Babu makuba in an sare ɗorawa, babu katsi in marina ta mutu, babu azara in giginya ta ƙare. Maginin da ya san haɗin laso shi ma yana tsufa, yaransa kuma bulo suke bugawa, don nan kuɗin yake. In shirin bai biya matashi ya zauna ya koya a hannunsa ba, nan da 'yan shekaru ko kuɗin ya samu babu mai yin aikin.

In akwai tsohon ginin ƙasa da aka shafe da siminti a gidanku, gwada wannan kafin damina: ka ƙwanƙwasa shi da hannu daga gindi zuwa daidai ƙirjinka. Inda ka ji yana amsawa kamar ganga, simintin ya rabu da bangon. Ka kira magini na gargajiya ya buɗe wurin ya gani, kar a sake cike shi da wani simintin.