Dogon Danni da Baƙaƙe Masu Lanƙwasa a Wayar Hannu

Tun fitowar iPhone a shekarar 2007, allon taɓawa ya ture maɓallai a wayoyin hannu. Da yake allon ƙarami ne, akan ɓoye wasu haruffa ƙarƙashin wasu, wato sai mai rubutu ya danne k na ɗan lokaci, sannan ya ja yatsa zuwa ƙ. Haka abin yake ga ɓ da ɗ. Wannan ɗan jinkiri shi kan sa mai gaggawa ya tsallake lanƙwasa, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Rubutu da yatsa bisa allo ma bai tsira ba, domin na'ura ba ta gane harafin da ba a horar da ita a kansa ba. Ƙ a wurinta k ce mai karkataccen kai.