Kafin Akori-kura Ta Ja Tirela

A Amurka da Ostireliya, mai akori-kura kan maƙala wa motarsa ƙaramin ɗaki mai taya, ya kwashi iyalinsa su tafi hutu a daji. A tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma abin da ake ja daban ne: injin casar masara a lokacin kaka, tankin ruwa zuwa wurin gini, babban janareta, ko buhunan tumatir da albasa daga gonakin rani na kewayen madatsar ruwa ta Zobe. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011 gine-gine suka ƙaru, jigilar kaya ita ma ta ƙaru. Sai dai ko ɗakin hutu ne ko injin casa, ƙa'idar jan kaya ɗaya ce, kuma yawancin haɗarin a mahaɗar mota da tirela yake, ba a ƙarfin inji ba.

Abu na farko shi ne sanin iyakar motar. Sababbin samfurin Hilux da dama na iya jan kilo 3,500, amma sai in tirelar tana da nata birkin. In ba ta da shi, iyakar da kamfanin ya gindaya kilo 750 ce, wadda kuma ita ce dokar ƙasashen Turai. Lita 1,000 ta ruwa kaɗai tan guda ce, ban da nauyin tankin da ƙarfen da ke ɗauke da shi. Ke nan direban da ya ja cikakken tanki ba birki ya riga ya haura iyaka tun bai bar bakin famfo ba.

Sai ƙugiyar ja. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kai mota wurin mai walda ya liƙa ƙarfe a jikin bamba. Bamba ba a yi ta don ja ba. Ƙugiya ta ƙwarai a jikin ƙashin motar ake ɗaure ta da manyan notuna, kuma dunƙulen kanta, wanda galibi faɗinsa milimita 50 ne, dole ya yi daidai da bakin tirela. Ƙusar da ake sokawa a mahaɗar ma tana buƙatar makari, don gargada kan fitar da ita a hankali. Bayan haka a sa sarƙa biyu, a gitta su ƙarƙashin mahaɗar, ta yadda ko ƙugiya ta kuɓuce, hancin tirela zai faɗa kan sarƙa maimakon ya caki kwalta.

Yadda aka jera kaya ya fi komai tasiri. Masana sun ce kimanin kashi 60 cikin 100 na kayan ya zauna gaban ƙafafun tirela, kuma kashi 10 zuwa 15 na dukan nauyinta ya danna kan ƙugiya. In kaya suka rinjaya baya, tirela sai ta fara kaɗa wutsiya kamar kifi, musamman a gangare ko in babbar mota ta gifta da iska. A nan direbobi da yawa kan danna birki da ƙarfi, abin ya ƙara lalacewa. Abin yi shi ne a ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe, har motar ta lafa da kanta. Tankin da ke da rabin ruwa ya fi cikakke haɗari, domin ruwan na tunkuɗa gaba duk sanda aka taka birki.

A zafin watan Maris da Afrilu, tayar da ba ta da isasshiyar iska saurin fashewa take yi, lagireto kuma na shan wahala a hawa, don haka a riƙa komawa ƙaramar giya.

Fitilu ma ba abin wasa ba ne. A ranar Laraba, da kasuwar Dutsin-Ma ta watse, hanyar Kurfi zuwa Katsina kan cika da babura, amalanken shanu da motocin haya har bayan magariba. Tirelar da ba ta da jar fitila da sigina, mai babur ba ya ganin ta sai ya zo dab da ita. Haɗa wayar fitilu daga mota zuwa tirela aikin yini guda ne a wurin mai gyaran wayar mota, kuma yana cikin abubuwan da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ke dubawa a kan hanya.