Wa Ke Auna Malamin Jami'a?

A shekarar 2005, Jorge Hirsch, masanin fiziks a Amurka, ya ɓullo da ma'aunin "h": mai maki 10 shi ne wanda ke da maƙaloli goma da masana suka ambaci kowacce aƙalla sau goma. Jami'o'i da dama na duba wannan adadi wajen ƙarin girma. To amma a 2015 an wallafa maƙala guda mai marubuta sama da 5,000, kuma duk ambaton da ta samu na shiga lissafin kowannensu. Shi kuwa mai nazarin waƙoƙin baka da Hausa, da wuya rumbun Scopus ya san da zamansa. Don haka wajibi ne kwamitocin tantancewa su zauna su karanta aikin kansa kafin su yanke wa malami hukunci.