Zakin da Yake Ruri Kafin Fim Ya Fara

Duk wanda ya taɓa kallon Tom and Jerry ya san zakin nan mai leƙo kai ta cikin zobe, ya yi ruri, sa'an nan wasa ya soma. Ƙananan ɗalibanmu ma sukan riga shi yin rurin. Wannan zaki tambari ne na kamfanin fina-finai na Amurka mai suna Metro-Goldwyn-Mayer, wanda ake taƙaitawa MGM.

Bari mu fara da sunan. A 1924 wani attajiri, Marcus Loew, yana da gidajen silima da yawa, yana kuwa bukatar sababbin fina-finan da zai riƙa nunawa a cikinsu. Sai ya haɗa kamfanoni uku wuri ɗaya, wato Metro, da Goldwyn, da na Louis B. Mayer. Abin mamaki, shi Samuel Goldwyn an riga an fitar da shi daga kamfaninsa tun 1922. Sunansa yana tsakiyar tambarin, amma bai taɓa aiki a MGM ba ko na rana ɗaya.

Zakin ma gado ne daga kamfanin Goldwyn. Mai kula da tallarsu, Howard Dietz, shi ya zaɓe shi, domin zaki ne alamar Jami'ar Columbia inda ya yi karatu. A kan zoben an rubuta kalmomi uku na Latin, Ars Gratia Artis, ma'ana fasaha domin fasaha kawai. Mu dai muna shakka, gama masu kamfanin ba su taɓa wasa da lissafin riba ba.

Ba zaki ɗaya ba ne. Na farko, Slats, dube-dube kawai yake yi, domin fina-finan lokacin ba su da murya. A 1928 ne 'yan kallo suka fara jin ruri, daga bakin wani mai suna Jackie, aka kuwa sa musu shi ta faifan garmaho. Wanda muka fi sani shi ne Leo, an ɗauki hotonsa a 1957. A 2021 aka maye gurbinsa da zanen kwamfuta mai kama da shi.

Kamfanin ya yi tashe sosai kafin yaƙin duniya na biyu, amma daga baya abubuwa suka juya. A 1948 kotun ƙoli ta Amurka ta yanke hukuncin da ya raba masu yin fim da gidajen silimarsu, ga kuma talabijin ta shiga gidajen mutane. Ben-Hur na 1959, labarin wani Bayahude a zamanin Yesu, ya ci lambobin Oscar 11, ya kuma ɗan farfaɗo da su. Duk da haka a 1969 Kirk Kerkorian ya saye kamfanin. Shekara guda bayan haka aka yi gwanjon tufafin 'yan wasa da kayan aiki, har jan takalmin da aka sa a The Wizard of Oz ya tafi a kan dala 15,000. Shi Kerkorian sunan ya fi so. Ya ɗora shi tare da zakin a kan babban otal da gidan caca a Las Vegas.

A 1986 Ted Turner ya sayi MGM, ya sayar da shi cikin 'yan watanni, amma ya riƙe tsofaffin fina-finan. Filin aikinsu na Culver City yanzu na Sony ne. Kamfanin ya karye saboda bashi a 2010, sa'an nan Amazon ya saye shi a 2022 a kan dala biliyan 8.45.

Waɗancan fina-finai da Turner ya riƙe suna hannun Warner Bros. yau. Ashe Ben-Hur na 1959 da Tom and Jerry ba na MGM ba ne kuma, ko da yake zakin yana nan a farkonsu.