Ɗan kokowa, ka ba jikinka ranar hutu

Da an ɗaure hatsi an kai rumbu, sai kiɗa ya tashi a dandali, kowane gari ya fiddo ƙaratansa. Tun daga 1975, da aka yi kokowar ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, babu saurayin da ya iya kamu da ba ya mafarkin shiga cikin mutum goma da jaharsa za ta tura. To, kai da kake da wannan buri, ga wata magana da ba a cika gaya maka ba.

Kana tsammani a fage kake ƙara ƙarfi? A'a. A fage ɓarna kake yi wa jiki. Duk lokacin da ka ɗaga abokin gwaji, ko ka yi gudu cikin rairayi, zaruruwan tsokarka suna samun ƴan ƙananan yage-yage waɗanda ido ba ya gani. Shi ne tsamin jikin nan da kake ji washegari, wanda yakan fi tsanani bayan kwana 1 zuwa 3. Sai ka kwanta, ka ci, ka yi barci, sannan jiki yake ɗinke wurin, har ya ƙara masa kauri don gaba. Wannan ɗinki yana cin awa 24 zuwa 48, wani lokaci ya fi haka. In ka koma ka sake yage wurin tun bai haɗe ba, yau da gobe, ramewa za ka yi maimakon cika.

Akwai kuma guzurin da tsoka take ajiyewa daga tuwo da fura da shinkafa. Horo mai tsanani yana ƙarar da shi, kuma sai an yi kamar kwana guda ana cin abinci sosai kafin ya dawo. Wanda ya shiga fage da tsoka babu guzuri, tun a kamun farko gwiwarsa za ta yi sanyi, ya ce an yi masa asiri. Ba mu hana ka layarka ba, amma ka fara tambayar kanka: yaushe rabonka da hutu?

Jijiyoyi da gaɓoɓi da ƙashi sun fi tsoka jinkirin warkewa. Agara, alal misali, jini kaɗan ne yake isa gare ta. Don haka tsoka takan riga su ƙarfi, saurayi ya ji kamar zai iya tumɓuke gawo, alhali kafaɗa da gwiwa ba su shirya ba. Daga nan targaɗe yake zuwa, ko ƙashin ƙwauri ya tsage a hankali saboda gudun kullum. Kwana 2 da ka ƙi bayarwa a mako sai su zama wata 2 a tabarma, kana jin kiɗa daga nesa.

Ga yadda za ka raba makonka. Horo mai nauyi kwana 3, ko 4 in ka saba, kuma kada ka jera biyu a kan gaɓa ɗaya: in yau ƙafa ta sha wuya, gobe ka bar ta. Aƙalla kwana 1 cikakke babu kamu, babu gudu, sai tafiya a hankali da miƙe jiki. Amma ka lura da nan, domin nan ne ɗan ƙauye yake ruɗin kansa. Ranar da ka yini kana ɗaukar dammunan hatsi, ko jan wasaki a rijiya, ko buga tubali, ba ranar hutu ba ce, ko da ba ka taka dandali ba. Tsoka ba ta san bambancin buhu da abokin karawa ba. Ai ko shanun huɗa, manomin kirki ba ya ɗaura musu karkiya daga asuba har magariba kwana bakwai.

A ranar hutu ka ci wake, gujiya, nono, ƙwai ko nama in ya samu, ka sha ruwa da yawa. Barci kada ya kasa awa 7, don cikin barci mai nauyi ne gyaran ya fi tafiya. Hirar shayi har tsakar dare tana cin ƙarfinka fiye da yadda kake zato. Kada kuma ka ji tsoron ƙarfi zai zube: sai mutum ya yi mako 2 ko 3 bai motsa ba kafin ya soma raguwa.

Jiki yana faɗa in an wuce masa iyaka. Da ka farka, kafin ka tashi, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga bugun jini na minti guda. In ya ɗara yadda ka saba da kamar 10, safiya biyu ko uku a jere, ka huta. Haka in barci ya ƙi, abinci ya fita ranka, ko fushi yana zuwa maka babu dalili. In kana masassara, kada ka shiga fage ko kaɗan, domin zuciya ce take ɗaukar wahalar. Je ka likita a gwada jininka, kaka lokacin sauro ce. In kuwa bayan horo mai tsanani, musamman cikin zafin watan Afrilu da Mayu, ka ga fitsarinka ya yi duhu kamar shayi, ga tsoka ta kumbura tana ciwo, to narkakkiyar tsoka ce take bi ta ƙoda, kuma tana iya toshe ta. Kada ka jira gari ya waye, a kai ka likita a ranar.