Ko Ka Sani? Yadda Kwamfuta Ke Yanka wa Lamba Wuri Daidai Girmanta

Ko ka san cewa a tsarin da aka fi sabawa da shi, wurin da kwamfuta ke ware wa lamba 5 daidai yake da wanda take ware wa biliyan 4? Kwamfuta ba ta san komai ba sai 0 da 1. Kowane ɗaya sunansa bit, idan guda 8 suka haɗu sun zama bayit. Bayit ɗaya daga 0 zuwa 255 kawai yake iya ɗauka, shi ya sa masu gina manhaja suka saba ware wa kowace lamba bayit 4 ko 8, ƙarama ce ko babba.

Ga shi kuwa galibin lambobin da ke yawo a cikin saƙonni da fayiloli ƙanana ne: tsawon suna, yawan hotuna, lambar layi. Idan aka rubuta 5 a bayit 8, guda 7 sifili ne zalla. Tamkar a ɗauko tirela ne don kai mudun gero ɗaya kasuwa, kuma a yi ta maimaita hakan dare da rana.

Dabarar da aka fito da ita don magance wannan asara tana burge ni saboda sauƙinta. A kowane bayit, bit 7 ne ke ɗaukar lamba, na takwas kuma alama ce. Idan 1 ne, yana nufin akwai saura, a ci gaba da karantawa. Idan 0 ne, lamba ta ƙare a nan. Da wannan, daga 0 zuwa 127 bayit ɗaya ya wadatar, biyu su kai 16,383, uku su kai 2,097,151.

Mu ɗauki 300. A raba ta da 128: sau 2, ragowa 44. A tsarin da ake kira LEB128 ƙaramin ɓangare ake fara rubutawa, don haka bayit na farko zai ɗauki 44 tare da alamar akwai saura. Alamar tana ƙara masa 128, sai ya bayyana a matsayin 172. Na biyu ya ɗauki 2, alamarsa a kashe. Mai karantawa sai ya cire alamar, ya haɗa 44 da 128 sau biyu, 300 ta dawo yadda take. Bayit biyu ke nan maimakon takwas.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun ƙarshen shekarun 1980 fayilolin kiɗa na MIDI ke amfani da irinta wajen rubuta tazarar lokaci tsakanin sauti da sauti, sai dai su babban ɓangare suke gabatarwa, kuma ba sa wuce bayit 4, wato 268,435,455. Protocol Buffers, wanda Google ya saki ga jama'a a 2008, da ita yake rubuta lambobinsa, haka ma WebAssembly. Hatta rubutunmu yana cin moriyar tunani makamancin wannan: a tsarin UTF-8, harafin k bayit ɗaya ne, ƙ mai lanƙwasa kuma biyu.

Sai dai wannan tsimi da farashinsa. Lamba mafi girma da ke shiga bayit 8 sai ta ci 10 a nan, domin kowane bayit ya sadaukar da bit ɗaya. Kuma ba dama a tsallaka kai tsaye zuwa lamba ta ɗari, dole a bi su ɗaya bayan ɗaya, tunda ba a san inda kowace ta tsaya ba sai an karanta ta. Lambobin ƙasa da sifili ma ba su dace da ita ba: a Protocol Buffers, -1 na iya cin bayit 10 cif. Maganin da aka samo shi ne a sake jera su, 0 ta zauna 0, -1 ta zama 1, 1 ta zama 2, -2 ta zama 3, ta yadda ƙarama za ta ci gaba da zama ƙarama.

Abin da na fi so mai koyon rubuta manhaja ya riƙe shi ne haɗarin alamar nan. Mai mugun nufi zai iya turo saƙon da kowane bayit cikinsa ke cewa akwai saura, babu ƙarshe. Manhajar da ta yarda da hakan ido rufe za ta karanta har ta wuce iyakar saƙon, ko ta fitar da lambar ƙarya. Saboda haka Uvarint, wanda ke wannan aiki a harshen rubuta manhaja na Go, da zarar lamba ta nemi wuce bayit 10 sai ya tsaya ya nuna akwai kuskure. Idan kai ma za ka rubuta naka, ka fara da sa wannan iyaka kafin komai.