Amanar Ƙofar Nesa a Masana'antu

A shekarar 1979 kamfanin Modicon ya fito da ƙa'idar Modbus, domin na'urorin da ke sarrafa injuna, waɗanda ma'aikata ke kira PLC, su riƙa karɓar umarni. Kuma da yake a wancan zamani waya ba ta ƙetare katangar masana'anta, ba a tanadi hanyar tantance mai umarni ba. Duk wanda saƙonsa ya iso, biyayya ake yi masa. Ko da aka ɗora ƙa'idar bisa intanet, ta ƙofa mai lamba 502, wannan ɗabi'a ba ta sauya ba, alhali kuwa mai umarnin yana iya kasancewa a wata nahiya.

Saboda haka injiniyan da ya zauna yana cika guraben saitin haɗi daga nesa, ya rubuta adireshin na'ura, ya ƙayyade wa'adin jiran amsa, ya bambance wanda aka yarje wa dubawa kawai da wanda aka ba izinin sauya umarni, haƙiƙa amanar rayuka ce a hannunsa, ko da shi yana ganin aikin rabin sa'a ne. Wajibi ne haɗin ya bi ta rufaffiyar hanyar VPN, a nemi shaida biyu daga mai shiga, a kuma soke izinin ɗan kwangila ranar da aikinsa ya ƙare. Wannan na ƙarshe shi aka fi gafala da shi, domin kowa yana zaton wani ya yi.

Ga misalin irin wannan gafala: a Nuwamban 2023, bayan an kutsa wa wata na'urar kamfanin Unitronics a hukumar ruwan Aliquippa ta jihar Pennsylvania, sai da mahukuntan Amurka suka gargaɗi masu irinta su canza kalmar sirrin da ta zo da ita, wato 1111. Abin takaici ne matuƙa.

Kutsen da aka yi a Yukren ya fi muni. Ranar 23 ga Disamban 2015, maharan da suka sace kalmomin sirrin VPN suka shiga kwamfutocin kamfanonin rarraba lantarki guda uku, suka katse wuta ga masu mita kimanin 225,000 cikin tsananin hunturu, ma'aikata suna kallon allo ana kashe makunnai ba da hannunsu ba. Wuta ba ta dawo ba sai da ma'aikatan suka bazama tashoshi, suka mayar da makunnan da hannu ɗaya bayan ɗaya.